Waƙar siyasa ba yau ta fara cin kuɗi ba

Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ke gargara ya ajiye shi sai dare.

Akwai wata magana da ta zama kamar wuridi a bakinmu. Za ka ji ta a teburin mai shayi a ATC, za ka ji ta a gidan kallo kafin a take ƙwallo, har a guruf ɗin ajinmu na mastas ana maimaita ta: wai waƙar siyasa ta lalace, mawaƙan da don kishi suke yi, na yanzu kuwa 'yan kwangila ne. Da an faɗa sai kowa ya gyaɗa kai, a kira sunan Rarara, a ja tsaki. Bayan minti biyar kuma ka ji wayar ɗaya daga cikin masu tsakin ta ɗauki ƙara da waƙar Rararan. Ni dai ban yarda da wannan magana ba. Akwai abin da ya canza, tabbas, amma ba kuɗi ne sabon abu ba, kuma mu 'yan Jalingo canjin ya fi shafar mu fiye da 'yan Kano da muke aro musu daga gare su.

Mu fara daga fada, tunda can abin ya samo asali. Makaɗin fada a ƙasar Hausa bai taɓa yin aiki kyauta ba. Narambaɗa yana da ubangidansa, Sarkin Gobir na Isa. Aikinsa ya ɗaga wannan ubangida, ya yi wa 'yan uwansa masu neman sarautar zambo da habaici, a ba shi doki da riga da hatsi. Ba wanda ya ga aibin haka, sana'a ce ta gado kamar ƙira ko jima. Da siyasar jam'iyyu ta shigo a farkon shekarun 1950, NPC ta tarar da wannan tsari a shirye. Jam'iyya ce da ta jingina da sarakuna da ma'aikatan En'e, saboda haka makaɗan fada suka bi ta kamar yadda suke bin iyayen gidansu. Musa Ɗanƙwairo, wanda yau muke saka waƙarsa a sitatus muna cewa "Allah ya jiƙan mazan jiya", ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, "Mai Dubun Nasara" na cikin waɗanda suka fi shahara. Waƙar ta yi daɗi iya daɗi, amma waƙar mai mulki ce, kuma ba hannu rabbana ya koma gida ba.

Wurin da masu cewa "na da don kishi suke yi" ke da ɗan gaskiya shi ne ɓangaren NEPU. An kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma cikin mutum takwas da suka kafa ta akwai mawaƙi, Mudi Sipikin. Ita NEPU ba ta da fada, ba ta da taushi ko kotso, ba ta da dokin da za ta ba wani. Abin da take da shi rubutacciyar waƙa ce, irin wadda malamai suka gada tun zamanin Shehu Ɗanfodiyo, mai ƙafiya da amshi, a rera ta a wajen lacca ba kiɗa, jama'a su haddace su tafi da ita kasuwa da rijiya. Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958, shi ne ya nuna cewa ana iya zuba zazzafar muhawarar siyasa a cikin baiti. Gambo Hawaja ya yi nasa daga Jos. Kuma abin yana da tsada ta wata fuskar, domin sai En'e ta ba da izini ake taro, kotun alƙali tana ɗaure mutum a kan zagin sarki, ga kuma 'yan Mahaukata a Kano da ke tarwatsa taron 'yan Sawaba da sanda. Gambo Sawaba kanta ta sha shiga kurkuku har ba a cika tsayawa ƙirge ba.

To kun ga tun farko hanya biyu ce. Akwai waƙar da ake biyan mai yin ta, akwai wadda mai yin ta ke biya da fatarsa. Mu ne muka haɗe su yau a tukunya ɗaya muka kira ta "waƙar da".

Yanzu tambayar da ta fi damu na: duk wannan hidima, a ina Jalingo take?

Sai mun tuna yadda aka ɗinka jiharmu. Jalingo gari ne da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a 1893. A zamanin Turawa ƙasar Muri tana ƙarƙashin Lardin Adamawa, Wukari da Takum suna Lardin Binuwai, su Gashaka da Mambila kuwa ba su ma zama Nijeriya sosai ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961, aka sa su a Lardin Sardauna. A 1967 Muri ta faɗa Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri, Wukari ta tafi Binuwai-Filato. A 1976 aka haɗa mu a Gongola, hedikwata Yola. Sai ranar 27 ga Agusta 1991 Babangida ya ba mu Taraba. Ma'ana, kusan shekara ɗari mai magana yana wani gari, mu muna nan muna kasa kunne. Da Kaduna, sai Maiduguri, sai Yola. Kuma siyasar kudancin jihar ba ta tsaya a NPC da NEPU ba, akwai UMBC ta Joseph Tarka da ke da nata ƙorafin a kan ita Kadunar kanta.

Abin da ya kawo muryar Kaduna har tsakar gidajen kakanninmu rediyo ne. Sashen Hausa na BBC ya fara a Maris 1957. A Maris 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna, tare da kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Talabijin ɗin kam na mutanen Kaduna da kewaye ne, hotonsa bai san hanyar Muri ba. Amma rediyon gajeren zango yana tsallaka Binuwai ba tare da jiran kwale-kwale ba. Ta nan Bamumuye da Bajukune da Bafulatani da Bakona suka san Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya, ta nan Hausar rediyo ta zama harshen da ake musun siyasa da shi a garin da mafi yawan mutanensa ba Hausa suka sha a nono ba. Kuma gidan na gwamnatin NPC ne. Wanda ya mallaki eriya shi ke zaɓar waƙar da za a ji, kuma ba sai an gaya maka cewa baitocin su Hawaja ba su ne aka fi sakawa ba.

Sojoji ma da suka zo ba su yar da dabarar ba. Lokacin yaƙin basasa an yi wa soja waƙoƙin ƙarfafa gwiwa. Da za a koma tuƙi a hannun dama a 1972, da za a canza fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, da mawaƙa aka wayar da kan jama'a. Wasan Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda iyayenmu ke ba mu labarinsa suna dariya har da hawaye, shi ma ya yi aikin sa farar hula su saba da mai kaki. A 1977 gwamnatin soja ta tattara duk gidajen talabijin na jihohi ta haɗa su a inuwa ɗaya, wadda muka sani da NTA.

Jamhuriya ta biyu ita ce ta fi burge ni, kuma ita muka fi jahilta. A 1979 Gongola ba ta bi NPN ba. GNPP ta Waziri Ibrahim, mai kirarin siyasa ba da gaba ba, ita ta ci Borno da Gongola, Abubakar Barde ya zama gwamna. PRP ta ɗauki Kano da Kaduna. Sai ga gwamnonin adawa zaune a jihohinsu, amma talabijin ɗin da ke garin da Rediyon Kaduna duk suna hannun gwamnatin tarayya ta NPN. Me Abubakar Rimi ya yi? Ya kafa jaridar Triumph, ya kafa nasa talabijin, CTV 67, wanda yau ake kira ARTV. Bai tsaya yana kukan ba a saka shi a labarai ba, ya je ya sayi tasa lasifikar. A wannan zamanin ne kuma kaset ya cika gari, direban mota daga Jos ko Kano ya shigo tasha da sabuwar waƙar Santsi ko ta Taɓo, kafin mako ta zagaye shagunan tela.

Ga masu cewa mawaƙan da ba sa sauya sheƙa, ku binciki Shata. Ya yi kansila a Kankiya, ya yi GNPP, ya koma NPN, a jamhuriya ta uku ya riƙe shugabancin SDP a Funtuwa. Shata ne fa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Da a ce akwai Facebook a lokacin, da an yi masa irin wankin babban bargon da muke yi wa na yanzu.

Bayan an ba mu jiha mun sami namu gidajen, TSBS da TTV, ga NTA Jalingo. Ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya san yadda labaran gidan gwamnati suke a ko'ina a ƙasar nan: gwamna ya ce, matar gwamna ta raba, kwamishina ya yaba. Saboda haka mai son jin ɗaya ɓangaren sai ya koma BBC da Muryar Amurka da Jamus, safe da rana da dare. Dokar soja ta 1992 ta buɗe ƙofar gidaje masu zaman kansu, amma a Arewa sai da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 aka ga abin da hakan ke nufi. Shirye-shirye irin su Kowane Gauta suka haifar da wata sabuwar sana'a, sojojin baka, mutanen da ake ɗauka musamman don su shiga rediyo su kare ubangida su yagi abokin hamayya. Zambon fada ne dai ya dawo, an cire kiɗan kawai. A daidai lokacin fiyano ya shigo ta hanyar finafinan Kano, ya zama yaro ɗaya da situdiyo mai ɗaki ɗaya zai iya abin da a da sai an tara makaɗa da 'yan amshi goma.

Akwai lokuta biyu da mu kanmu muka zama labarin, kuma ina ganin duk ɗalibin Taraba ya kamata ya zauna ya yi nazarin su.

Na farko Danbaba Suntai, wanda a zamaninsa aka kafa jami'ar nan tamu a 2008. Ranar 25 ga Oktoba 2012 jirgin da yake tuƙawa da kansa ya faɗi kusa da Yola. Wata goma yana jinya a waje, Garba Umar yana riƙo. A ƙarshen Agusta 2013 aka dawo da shi, aka kai wa majalisar jiha takarda cewa ya kama aiki, 'yan majalisa da dama suka ce ba su gamsu ba. Sai aka naɗi wani gajeren jawabi nasa aka nuna. Jama'a, a kan wannan ɗan hoton na mintoci kaɗan jiha guda ta rabu. Wannan ya kalla ya ce ai ga shi nan garau, wancan ya kalli hoton nan dai ya ce wallahi mutumin nan ba shi da lafiya, ana amfani da shi ne. Ido ɗaya ne, allo ɗaya ne, amma kowa ya ga abin da ya zo da shi daga gida, kuma sau da yawa kana jin sunan mutum ka san wanne zai gani. Ina ƙaramin saurayi a lokacin, amma ban manta yadda manya suka zama likitocin ƙwaƙwalwa a bakin shago ba. Bawan Allah nan ya rasu a Yuni 2017 bai koma kujerarsa yadda ya bar ta ba.

Na biyu Mama Taraba, Sanata Aisha Jummai Alhassan. Zaɓen Afrilu 2015 bai kammalu a zagaye ɗaya ba, aka sake a wasu wurare, aka bayyana Darius Ishaku. A Nuwamba kotun zaɓe ta ce ita ce ta ci, saboda yadda PDP ta fitar da ɗan takararta. A ƙarshen Disamba kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan hukunci, a Fabrairu 2016 Kotun Ƙoli ta rufe maganar. Ƙasa gaba ɗaya ta zuba mana ido, ana jiran mace ta farko da za a zaɓa gwamna. Amma ku tuna sautin da ya cika Jalingo a shekarar. Guguwar Buhari ce, kuma waƙoƙin da suka fi tashi a Keke Napep da shagunan caji daga situdiyoyin Kano suka zo, su "Masu Gudu Su Gudu". An yi su ne don jama'ar da kusan kowa masallaci ɗaya yake shiga. Da suka sauka a garin da maƙwabcinka na jikin katanga coci yake zuwa, sai suka ɗauki wani nauyi da mai waƙar bai ma san da shi ba. Abin da a Kano habaici ne tsakanin jam'iyya da jam'iyya, a nan wani yana jin sa a matsayin gugar zana ga unguwarsu da addininsu. Wanda ya ga abin da ya faru a Wukari bayan hukuncin Nuwamba ya san ba wasa nake ba. Ban ce waƙa ce ta kunna wutar ba, rikicin Wukari ya girmi fiyano nesa ba kusa ba. Amma mai zuba fetur ba sai shi ne ya ƙyasta ashana ba.

Ita kanta Mama Taraba ta nuna ta fahimci ƙarfin lasifika. A Satumba 2017, tana minista a gwamnatin Buhari, ta fito a BBC Hausa ta ce idan Atiku ya tsaya shi za ta bi. Ta san gidan da mutanenta ke saurare. Allah ya jiƙanta, ta rasu a Alƙahira a Mayu 2021.

To me ya canza ke nan, in ba kuɗi ba?

Ɗanƙwairo kowa ya san na wane ne, kuma dangantakar tana shekaru, wani lokaci har a gada. Idan ka ji waƙarsa ka san daga wace ƙofa ta fito, sai ka auna ta da wannan ma'auni. Dauda Kahutu Rarara ya yi wa Kwankwaso, ya yi wa Ganduje, ya yi wa Buhari shekara takwas. A 2020 ya nemi masoya Buhari su tura masa naira dubu-dubu kafin ya saki sabuwar waƙa, kuma aka tura. Ku tsaya ku yi tunanin wannan, talaka ne ke biyan kuɗin yabon mai mulki daga aljihunsa, abin da ko En'e ba ta yi tunaninsa ba. A Oktoba 2023, Buhari ya sauka da wata biyar, sai ga shi gaban 'yan jarida yana cewa Buharin ya lalata ƙasa. Ubangida ya zama na zango ɗaya. Amma don Allah kar a ce hanyar su Hawaja ta mutu. A 2009 an tsare Aminu Ala a Kano a kan waƙa, zamanin da hukumar tace finafinai ke farautar mawaƙa. Har gobe akwai masu biya da fatarsu, mu ne dai ba mu cika tura waƙoƙinsu ba saboda ba su da kiɗan rawa.

Babban canjin kuwa yana aljihunmu. Sardauna sai da ya haɗa kai da kamfanonin Ingila kafin ya sami eriya. Rimi sai da ya ware kuɗin jiha. Ɗan siyasar yau ba ya buƙatar ko ɗaya, mu ne eriyar. Ɗalibi ne zai sayi data da kuɗin abincinsa ya yaɗa waƙar, ya yanka ta a TikTok, ya yi faɗa da ɗan ɗakinsu a kanta. Waɗanda aka ɗauka aikin ma, 'yan data, abin da ake ba su a wata bai kai kuɗin hannun rigar da ake ba maroƙin fada ba. Kuma da yawansu a cikinmu suke, mun san juna.

Abin da ya fi ba ni takaici, faɗan ma ba namu ba ne. Ku gwada a ɗakinku yau da dare. Ku tambayi wa ya fi tsakanin Kwankwasiyya da Gandujiyya, ko wane ne halastaccen Sarkin Kano, za a kai ƙarfe biyu ana ɗaga murya. Ku kawo maganar Kwana Casa'in na Arewa24, za a zayyana muku siyasar Alfawa, jihar da babu ita a taswira, da wa ya ci amanar wa. (Tashar ma, ga wanda bai sani ba, da tallafin gwamnatin Amurka ta fara a 2014. Ita ma lasifika ce mai mai ita, duk da ni ma ba na bari Daɗin Kowa ya wuce ni.) Sannan ku ce a lissafo mutum biyar cikin 24 da ke majalisar dokokin Taraba, ko a faɗi abin da aka ware wa jami'ar nan a kasafin bana. Za ku ji ɗakin ya yi tsit, wani ya tuna yana da tes gobe. Ƙananan hukumomi 16 gare mu, da harsuna masu yawan da ba kowace jiha ke da su ba, amma idan aka zo musu sai mu zama reshen Kano. Kakanninmu suna da uzuri, akwati ɗaya gare su kuma Kaduna ke riƙe da makullin. Ga 2027 tana ƙaratowa, situdiyoyi sun fara ɗumi, kuma duk waƙar da za a ƙera a Zoo Road a nan za ta sauka, a tsakanin masallacin makaranta da cocin makaranta.

Wani ɓangare na aikin mastas ɗina a kan wannan yake, kuma a nan nake neman taimakonku. Waƙoƙin NEPU da NPC da PRP an tattara su, an yi digiri a kansu a Zariya da Kano da Sakkwato. Namu na zamanin GNPP da NPN a Gongola, da na SDP da NRC lokacin da Jolly Nyame ya fara hawa a 1992, waɗanda aka rera da Mumuye da Jukun da Fulfulde da Kuteb da Tibi da Hausar nan tamu ta Muri, suna cikin kawunan tsofaffi da tsofaffin kasakasai a ƙarƙashin gado. Hutu ya kusa. Wanda zai je Zing ko Lau ko Karim Lamido ko Gembu ko Takum, ya zauna da kakarsa ko wani tsohon ɗan jam'iyya, ya nemi izini, ya kunna rikodar wayarsa. A tambaye su wa ya yi waƙar, wa aka yi wa, me aka ba shi, kuma wa aka yi wa habaici a ciki. Wanda ya sami kaset kada ya gwada shi a tsohuwar rediyo, tana iya cinye zaren, ya kawo shi yadda yake. Ku turo min saƙo ta inbos, ina da na'urar da za mu juye shi, kuma kaset ɗinku zai koma hannunku.